Katangar jami'a ta iso bayan gidanmu, ni kuma a cikinta nake cin abinci

Goggo, barka da aiki. Ni magidanci ne, shekarata 41, ina wani birni a gabashin Sudan. Unguwarmu ta Hausawa ce, kakanninmu suka sari wurin tun yana daji. Shekara 12 ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da muke maƙwabtaka da ita, 'yata ta fari ma a can take karatu. Da akwai fili tsakaninmu da katangarta, nan muke sallar Idi, nan yara ke ƙwallo. Bara aka kewaye shi. Bana ma'auna ƙasa suka zo suka shafa jan fenti a gidaje 23, har da namu da makarantar allon Baba. Ba mu da takarda sai ta hiyaza, wato shaidar zama a wuri. Baba ya rantse sai dai a fitar da gawarsa. Ƙanena ya yanka ɗakuna ya zuba ɗalibai haya, yanzu kuma wani dillali yana masa tayin gidan. Samarin unguwa suna son su tare hanya su kori ɗalibai 'yan haya, ni kuma suna ce mini ɗan rahoto. A wurin aiki shugabana yana tambayata su wa ke zuga mutane. Barci ya ƙaurace mini. In ajiye aikin ne in tsaya da mutanena, ko in yi shiru in riƙe abincin 'ya'yana?

Ɗana, Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ƙara wa Malam, mahaifinka, lafiya.

Kada ka ajiye aikinka. Na fara da wannan don ka samu ka runtsa yau. Ranar da ka miƙa takardar barin aiki, jan fentin nan yana nan a bangonku, samarin da ke zaginka za su yaba maka na kwana biyu, sannan ka wayi gari da iyali da tsoho da ɗalibar jami'a, babu albashi, a ƙasar da yaƙi ya cinye ayyuka. Unguwa kuma ta rasa mutum ɗaya tilo da ya san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a bayan katangar. Amma riƙe aikin yana da sharaɗi. Shugabanka in ya sake tambaya, ka ce masa cikin ladabi: ranka ya daɗe, an ɗauke ni aikin gwaje-gwaje, mutanen nan iyayena ne, in jami'a na son jin ta bakinsu zan iya kawo mata dattawansu da rana tsaka. Suna ko ɗaya kada ya fito daga bakinka. Haka in samari suka ce ka ɗauko musu hoton wata takarda daga ofis, ka ƙi, domin amana ce. Kuma ka faɗi maganar nan guda biyu a fili, a ƙofar masallaci bayan la'asar, kowa ya ji abin da aka tambaye ka da abin da ka amsa. Zargi a duhu yake girma.

Yanzu mu zo kan ƙasar, wadda ita ce ainihin ciwon, kuma ita ce ka fi gajarta bayaninta a wasiƙarka.

Jami'ar nan ba za ta daina faɗaɗa ba, gara ka san haka tun yanzu. Kafin 1990 jami'o'in gwamnati a Sudan ana ƙirga su da yatsu, yawancinsu a Hartum da Umdurman, sai ta Jazira a Madani da ta Juba. Daga 1990 aka shiga buɗe jami'a kusan a kowace jiha, da yawansu kuma a gine-ginen makarantun sakandare da na horon malamai aka fara su, a tsakiyar gari, cikin mutane. Wurin da aka gina don ɗaruruwan yara sai ga dubbai. Sannan yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, jami'o'in Hartum suka watse suna neman inda za su yi darasi da jarrabawa, suka buɗe cibiyoyi a Fot Sudan da Kasala da Gadarif da Atbara. Da Madani ta faɗi a Disambar shekarar, wata igiyar mutane ta sake kwararowa gabas. To mai neman wurin zaunar da waɗannan duka, in ya leƙa ta saman katanga ya ga gidajen laka marasa rajista, can idonsa zai tsaya. Ban faɗi haka don in wanke kowa ba. Na faɗa ne don ku daina jiran ranar da za a manta da ku.

Hiyaza shaida ce cewa kana zaune a wuri, kuma jama'a sun san naka ne. Shahadar bahasi, wadda ake cirowa daga ofishin rajistar ƙasa, ita ce ke cewa hukuma ta san naka ne. Tsakaninsu akwai rami mai zurfi, kuma mutanenmu da yawa a cikinsa suka faɗa. A 1970, zamanin shugaba Numairi, aka yi dokar da ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Dokar mu'amalar jama'a ta 1984 ta maye gurbinta, ta bar asalin hukuncin, amma ta yarda da haƙƙin mai amfani da wurin. Akwai kuma tsohuwar dokar 1930 wadda ta ba hukuma ikon karɓar ƙasa don amfanin jama'a tare da biyan diyya. Abin da wannan ke nufi gare ku shi ne hiyazarku ba takardar banza ba ce, amma ba garkuwar ƙarfe ba ce. Ƙarfinta yana ga abin da kuka jingina mata.

Jan fenti kuma ba hukunci ba ne. Jami'a ba ta raba ƙasa da kanta. Akwai ma'aikatar tsara birane ta jiha da hukumar filaye, su ke ware wuri su ce na wane ne. Abin da ya kamata ku sani kafin komai: an fitar da shawarar karɓar wurin a rubuce? Wa ya sa hannu, yaushe, kuma iyakarta ina? Gidaje 23 ɗin nan su haɗa kuɗi kamar yadda mata ke haɗa sanduƙ, wato adashe, su ɗauki lauya guda wanda ya saba shari'ar ƙasa a garinku, shi ya nemi wannan amsa a rubuce. Ku hanzarta, domin ƙarar shawarar hukuma tana da wa'adi, in ya wuce kotu ba ta saurare. Lauyan zai gaya muku kwana nawa ne.

Kafin ya dawo da amsa, ku tara shaidar daɗewa. Rasit na ruwa, lambar mitar wuta, takardar kuɗin awa'id, wato harajin gida, in kun taɓa biya, takardun haihuwar yara da ke ɗauke da sunan unguwa, ƙasima, wato takardar aure, tsofaffin hotuna, shaidar shehun unguwa da kwamitin hidima. A rubuta tarihin masallaci da na makarantar Malam, da sunayen manyan mutanen da suka yi karatu a cikinta, don na tabbata akwai waɗanda yau suke da kujera a garin. Kowane baligi ya tabbata yana da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa. Na san wahalar da ɗan Bahaushe ke sha kafin a ba shi, na san tambayar kakan kaka da ake masa, amma wanda ba shi da lambar nan sunansa ba ya hawa takardar rabo.

A nan zan daɗe kaɗan, don abin ya taɓa gidanmu. A farkon shekarun 1990 aka tashi unguwar Ishash Fallata a Hartum aka mayar da mutanenta Inƙaz, kudu da birnin. Ina da kawu a can. Ranar da masu ƙidaya suka bi gida gida yana Jazira wurin tsinkar auduga, matarsa kuma ta ji kunyar fitowa ta yi magana da baƙin maza. Maƙwabtansa suka samu fili, shi ya yi shekara biyu yana zarya da takarda a aljihu, 'ya'yansa na kwana a rakuba, wato rumfar wani. Saboda haka ku yi taku ƙidayar kafin a zo a yi muku. Kuma ku ƙirga tukunya, kada ku ƙirga ƙofa. Gidan Bahaushe ƙofa ɗaya ce amma iyali huɗu ne a ciki: ga ɗa da matarsa, ga bazawara da marayunta, ga gwauruwar tsohuwa a ɗakin baya. In aka rubuta gida ɗaya, fili ɗaya za a bayar, daga nan 'yan'uwa su koma faɗa da juna. A rubuta wanda ya tafi yankan riɗi, da wanda ke Saudiyya, da 'yan'uwanka mata da ke gidajen aure amma suna da gado a wurin. 'Yan'uwanmu na Jidda sun ga irin wannan a 2021 da 2022 da aka rushe Karantina da Sabil da Gulail: takarda ce ta raba wanda aka biya da wanda ya kwashe kayansa kawai.

Ƙanenka ba sai na tsawaita ba. Gidan na Malam ne, Malam kuma yana raye, don haka babu abin da zai sayar. Ka tambaye shi abu ɗaya: me ya sa mutum mai hankali zai ba da kuɗinsa ya sayi gidan da aka shafa wa jan fenti? Ruwa ba ya tsami banza. Dillalin ya hango diyya ko fili, yana so ya saya da arha daga hannun mai tsoro. Kuma gida ɗaya in ya fita, sauran 22 sun raunana, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku yi alkawari a masallaci cewa babu mai sa hannu a takarda, ko ta dillali ko ta hukuma, sai lauya ya karanta ta a gaban kowa. Hayar ɗalibai kuwa ban ga laifinta ba in Malam ya yarda, in an fitar musu da ƙofa daban, in kuma kuɗin yana shiga tukunyar gida.

Maganar korar ɗalibai ita ta fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, fiye da fentin. Su wane ne yaran nan? Ɗan wani ne da aka kwashe gidansu a Bahri, 'yar wata ce da ta baro Madani da jaka ɗaya, suna cin ful safe da dare suna neman su gama karatun da yaƙi ya yanke. Ba su suka aiko ma'auna ƙasa ba. Mu kuma da wane baki za mu kori baƙo? Kakanninmu a ƙafa suka shigo ƙasar nan kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi a 1903 tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, wasu suka tsaya aikin madatsar Sinnar da gonakin Jazira don su tara guzuri, guzurin ya zama zama. Kowannensu akwai wanda ya buɗe masa zaure.

Ban da kunya ma, akwai haɗari. Ba mu manta Yulin 2022 ba, yadda maganar ƙasa da sarauta a jihar Nil Azrak ta zama zubar da jini, mutanenmu suka yi gudun hijira, wutar ta kai har Kasala. Yanzu kuna da magana mai tsabta: mazauna wuri ne masu neman haƙƙinsu. Ranar da aka jefi ɗalibi ɗaya da dutse, maganar ta tashi daga ta fili ta koma ta ƙabila, kuma akwai masu jiran hakan don su ce ga baƙi sun hana 'ya'yan ƙasa karatu. A lokacin yaƙi ne kuma, tare hanya ba abin da jami'an tsaro ke ɗauka da wasa ba ne. Ka faɗa wa samarin haka, amma kada ka raina fushinsu, don yana da tushe. Haya ta ninka har saurayi ba ya samun ɗakin da zai sa amarya, ruwan famfo ya ragu, rakshoshi, wato kekuna masu ƙafa uku, na gudu a lungun da yara ke wasa, filin ƙwallonsu an kulle. Ka ba su aiki: su za su yi ƙidayar, su za su ɗauki hoton kowane gida, su za su auna ɗakuna. Matsalar cunkoson ɗalibai kuma ku kai ta inda take. Ɗakunan kwanan ɗalibai a Sudan asusun kula da ɗalibai na ƙasa ne ke riƙe da su, ku rubuta masa. Ku nemi zama da wakilan ɗaliban kansu a kan hayaniyar dare da mutuncin 'yan mata. Za ku yi mamakin yadda yaron da ya rasa gidansu zai fahimci mai tsoron rasa nasa. Kuma ku tuna da matan unguwa masu shayi da zalabiya da godogodo a bakin ƙofar, da masu agashe da yamma. Su ma 'yan unguwa ne, kuma daga aljihun ɗaliban nan suke ciyar da marayu. A sa su a cikin masu magana.

Sai Malam. Ɗana, ka daina yi masa lissafin diyya, ba kuɗi yake ji ba. Mutumin da aka haifa a wuri, ya binne iyayensa a wurin, ya wanke allunan yara shekara hamsin, sannan a zo a shafa masa fenti ba tare da sallama ba, abin da ya ji shi ne an sake ce masa baƙo. Wannan ciwon ne ya yi rantsuwar. Ka je masa bayan sallar asuba, ka zauna ƙasa, ka ce: Baba, ku gaya mini yadda Kaka ya sari wurin nan, ina so in rubuta. Ka bar shi ya yi magana har ya gaji. Abin da zai faɗa shi ne shaidar da lauya ke nema, kuma shi ne maganin da zuciyarsa ke nema.

Wata rana kuma, ba ranar ba, ka tuna masa labarin da ya fi ka sani. Ya zo a littattafan tarihi cewa Sayyidina Umar ya so faɗaɗa masallacin Annabi, gidan Sayyidina Abbas yana jikinsa, Abbas ya ƙi sayarwa. Suka kai ƙara wurin Ubayyu ɗan Ka'abu, ya hukunta cewa ba a karɓa sai da yardar mai gida. Da aka tabbatar masa da haƙƙinsa, sai Abbas ya ba da gidan sadaka da kansa. Shi kansa filin masallacin, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai karɓe shi kyauta daga marayun Banu Najjar ba, saya ya yi. Wannan magana ce da ya kamata a karanta wa shugabannin jami'ar, domin in masallacin Madina bai ci gidan maƙwabci da ƙarfi ba, ɗakin karatu bai fi shi alfarma ba. Kuma magana ce ga Malam, domin tana nuna masa akwai hanyar da mutum zai matsa ba tare da an wulaƙanta shi ba. Rantsuwarsa kada ta dame ka. Shi malami ne, ya san kaffararta ciyar da miskinai 10 ne ko tufatar da su. Amma ba daga bakinka ya kamata ya ji ba. Ka nemi abokinsa, sa'ansa, wanda suka yi ƙuruciya tare.

Ba zan ɓoye maka ba, yana yiwuwa bayan duk wannan a ce sai kun tashi. Ina fatan a janye iyakar, ko a tsara unguwar a ba ku rajista a inda kuke, kuma wannan ya kamata ya zama buƙatarku ta farko. Amma dattawa su shiga zaman da sanin abin da ba za su saki ba in ta farkon ta ƙi. A ganina ga shi: kada a rushe ɗaki ko ɗaya sai mai shi ya riƙe takardar sabon filinsa a hannu, kuma kada a yi da damina. A ba ku wuri ɗaya a jere, da ruwa, da filin masallaci da makaranta, domin Bahaushe in aka raba shi da maƙwabtansa an talauta shi ko da an ba shi bene. Wa zai karɓi haihuwa, wa zai yi gayyar gini, wa zai wanke gawa? A bar makarantar Malam a inda take in da hali, jami'a ba ta yi asara ba don tana da maƙwabciyar da ta riga ta koyar da karatu a wurin. A buɗe filin ranar Idi biyu da yammacin Juma'a. Duk abin da aka yarda a rubuta a sa hatimi, don shugabanni suna canjawa. Ku tafi da masu sulhu da garin ke jin kunyarsu, limamin Juma'a da umda, wato dagaci, da wani malamin jami'ar mai mutunci, kada tawagar ta zama Hausawa zalla. Kai kuma kada ka zauna a teburin, ta kowane ɓangare. Ka nuna ƙofa, ka gaya musu ranar da shugaba yake zama, ka koma bakin aikinka.

'Yarka ka ambace ta sau ɗaya ka wuce, ita kuwa kullum da safe tana bi ta gaban masu zagin ubanta ta shiga ƙofar da kakanta ke fushi da ita. Ka kira ta yau da dare ka tambaye ta me ake ce mata a hanya da cikin aji. Ka gaya mata karatunta ba cin amanar kowa ba ne. In ta yarda, ita ta riƙe littafin ƙidayar ɓangaren mata, don ita za ta shiga ɗakunan da samari ba sa shiga, kuma ita za ta zauna kusa da Malam da biro ranar da zai ba da labarin Kaka.

In lauyan ya samo amsar hukuma, ka sake rubuto mini abin da ke ciki, da kwanan watan da aka sa hannu. Ka gaishe mini da Malam, ka ce ina neman addu'a.

Goggonka